Yadda na fitar da littafina na ban tsoro daga cikin waya zuwa takarda a Damagaram

Masu tambayata yadda ake fara rubuta labarin ban tsoro da na kimiyya har a kai ga riƙe littafi a hannu sun yi yawa, to bari in zayyana yadda tawa ta kasance kowa ya huta. Ba zan faɗi sunan littafin ba kar a ce talla na zo yi. Ni ɗan Damagaram ne, a Birni na tashi, aikin da nake ci da shi koyarwa ne a wata lakwal mai zaman kanta, rubutu kuwa sai dare in an gama gyaran kaye ɗin yara.

Tun farko a san cewa nan ba kamar Amurka ba ne. Can Stephen King, shahararren marubucin labaran ban tsoro, shi ma malamin makaranta ne lokacin da littafinsa na farko Carrie ya fito a 1974, kamfanin buga littattafai ne ya ba shi kuɗin somin-taɓi dala 2,500 (dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba), daga baya aka sayar da haƙƙin bugun mai araha a kan dala 400,000, mutumin ya ajiye alli ya zauna rubutu kawai. Nan kuwa kai ne marubuci, kai ne mai gyara, kai ne kamfani, kai ne ɗan dako, kai ne kuma mai bin bashi. In ka shigo da wannan a ranka ba za ka sha mamaki ba.

Labarina daga ruwa ya fito. Duk wanda ya taɓa yin bazara a garin nan ya san abin da nake nufi, layin bido a bakin famfo tun daga nan har can, ƴan garuwa suna ja maka rai, mata na tashi tsakar dare su tari ruwa don lokacin ne kawai yake ɗan zuwa. Sai na ce to mu ɗauka nan da shekara hamsin an kawo wata na'ura da za ta huda dutsen da garin ke zaune a kai ta yi ta nutsawa har ta tarar da ruwa mai yawa, gari ya wadata, kowa na murna, amma duk wanda ya sha ruwan sai ya riƙa yin mafarki iri ɗaya da na kowa, kowane dare mafarkin na ƙara gaba kaɗan. Kuma ba wanda zai iya daina sha don babu wani ruwan. Shi ke nan ƙashin bayan labarin, sauran duk nama ne aka ɗora.

Ina da irin wannan ƙwaƙwalwar tun ina koleji da na ci karo da littafin Jules Verne na 1864 na tafiya cikin tsakiyar ƙasa, daga baya kuma na gano ashe da Hausa ma an taɓa yi, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969. Don haka masu cewa labarin kimiyya ba namu ba ne su sake lale.

Inda na fi shan wahala, kuma inda na fi ƙaruwa, shi ne neman sanin yadda ake haƙar foraj, wato rijiyar burtsatse. Don abin da na lura da shi game da masu karatunmu shi ne, aljani an yafe masa komai. Ka ce ya ratsa bango, ka ce ya je Makka ya dawo kafin shayi ya tafasa, ba mai ɗaga maka yatsa. Amma ka kuskura ka ce famfo mai aiki da hasken rana yana jan ruwa ƙarfe biyun dare ba ka ambaci batir ba, wallahi kafin gari ya waye wani ya turo maka saƙon murya na minti biyar yana maka darasi. Inji ba a yafe masa.

Sai aka haɗa ni da wani dattijo a Garin Malam da ya ƙare ƙuruciyarsa a aikin haƙar rijiyoyin burtsatse. Na je na durƙusa na gaishe shi, na ce Baba wurinka na zo neman ilimi, littafi nake rubutawa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, Mushe, littafin rijiya wa zai karanta? Na ce akwai abin tsoro a ciki. Ya yi dariya ya ce to ai rijiya dama abin tsoro ce, zauna. Shi ya fahimtar da ni abin da ya sa garinmu ke fama, cewa ƙarƙashinmu ba yashi ne mai riƙe ruwa ba, falalen dutse ne irin waɗannan manyan duwatsun da muke gani a Birni, ruwa ba ya zama cikinsa sai dai in an dace da tsaga, shi ya sa ake janyo mana ruwa daga waje, daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram. Ya ce a ƙasa mai taushi ana haƙa da ƙarfe mai juyawa ana tura laka tana fito da ƙasar, a dutse kuwa guduma ce a can ƙasan ramin iska mai ƙarfi na buga ta tana niƙa dutsen.

Sai ya aiki jikarsa ta ɗauko masa wata tsohuwar leda daga ɗaki, ya kwance, ashe garin dutse ne ƙulli-ƙulli da ya adana daga wuraren da ya yi aiki. Ya zuba min ɗaya a tafin hannu, fari-fari mai ƙyalli, ya ce wannan in yana fitowa to ba labari, ƙura ce kawai ke tashi ta bi ku har cikin haƙora. Ya zuba wani mai ɗan ja-ja kamar ya yi tsatsa ya ce wannan in ka gan shi ka fara addu'a, ruwa ya taɓa bi ta nan. Ya ce kafin ido ya gani kunne ke fara ji, ƙarar gudumar ce ke canzawa ta koma wata iri mai nauyi, sai ƙurar ta daina tashi ta fara dunƙulewa, sai kowa ya yi tsit. Wannan bayanin kusan yadda ya faɗe shi haka na sa shi a babi na uku, abin da kawai na ƙara shi ne a nawa labarin bayan ƙarar ta canza an kashe inji amma ba ta daina ba. Har yau wurin nan ne mutane suka fi yi min magana a kai.

Sauran na nemo a intanet. Zafi na ƙaruwa da kusan digiri 25 zuwa 30 a duk kilomita ɗaya da ka nutsa, don haka ruwan da zai fito daga can ƙasa tafasasshe ne, dole na ƙirƙiro tafkunan da ake barinsa ya huce a bayan gari, kuma tururin da ke tashi daga tafkunan nan da asuba ya ba ni wurin da abubuwa da dama suka faru. Na karanta labarin ramin Kola na Rasha da aka fara haƙa a 1970 ya kai mita 12,262 a 1989, zafin ƙasansa ya kai digiri 180, faɗin bakinsa kuwa bai wuce tafin hannu da ɗan ƙari ba. Kun san wannan sautin da ke yawo a waya ana cewa wai Turawa sun haƙa rami sun jiyo ihun ƴan wuta? To ƙarya ce aka ɗora a kan labarin haƙa irin wannan, ba a taɓa naɗo wani ihu ba. An turo min shi ya fi a ƙirga da na fara sakin labarin, kowa na cewa in sa a ciki. Ban sa ba.

Rubutun kansa a waya na yi shi da babban yatsa, da kibod na Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. In kuran ya tafi in lallaɓa da fawabank, in shi ma ya mutu in koma kaye da bik. Ba wani sirri a nan, zama ne kawai.

Da na tara babi kamar goma sai na buɗe gurup a WhatsApp na kuma riƙa sakawa a Facebook. Tsarin da marubuta mata na Kano da Kaduna da Maraɗi suka daɗe suna bi shi na kwaikwaya, don su ne suka san kasuwar nan ciki da bai, a saki shafukan farko kyauta, in labari ya kama mutane sai a ce daga nan sai wanda ya biya. Na sa jika guda, wato sefa dubu. Ƴan Nijar na turowa ta Nita ko Amana ko Airtel Money, wasu ma kati suke kankarewa su turo lambar. Ƴan Najeriya kuwa naira ce a hannunsu ni kuma ba ni da asusun banki can, sai wani ɗan ƙanen mahaifiyata da ke kasuwanci a Daura ya ba da nasa, in sun taru ya canza ya aiko min. Kullum da dare sai na zauna ina haɗa hoton shaidar biya da lambar waya ina shigar da mutane ɗaya bayan ɗaya, wannan aikin ya fi rubutun cin rai.

Kar in ruɗe ku, masu sayen labarin tsoro ba su kai kashi ɗaya cikin goman masu sayen na soyayya da kishiya ba a yadda na gani. An yi ta ba ni shawara in sa budurwa da saurayi a tsakiya, in rage maganar inji. Akwai mata da miji a labarin dama, na bar su yadda suke. Amma ƴan kaɗan ɗin da ke son irin wannan ba sa wasa, su ne za su kwana suna gardama a gurup kan mene ne a ƙarƙashin dutsen, wasu su ce aljanu ne wasu su ce wata halitta ce tun ta zamanin da, ni kuma in yi gum. Bayan sallar isha'i nake saki, ban taɓa saki da rana ba, kuma ban taɓa kwatanta siffar abin ba ko sau ɗaya. Mu da muka tashi da labarin Doguwa da mayu da gindin tsamiya, kowa na da nasa dodon a ka, in ka zana masa naka sai ya ga ai bai kai nasa ba ya daina jin tsoro.

Ana cikin haka surutu ya fara tashi cewa ina wasa da abin da ya shafi imani. Wannan ba maganar da ake ɗaga wa kafaɗa ba ce a garinmu, don haka na buga babin da aka fi magana a kai a wurin masu fotokopi na kai wa malamin da na yi allo a gabansa. Ya sa tabarau ya karanta a nitse ina zaune a ƙasa, bokonsa ba sauri amma ba ya tsallake kalma. Da ya gama na ce Allah gafarta Malam, akwai laifi? Ya ce ƙagaggen labari ba laifi ba ne in kowa ya san ƙage ne, amma abu uku zan kiyaye. Kar in ba aljani sanin gaibu, ya tuna min da ƙissar Annabi Sulaimanu a Suratu Saba, yadda ya rasu yana dogare da sandarsa aljanu na ta aiki ba su sani ba sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Kar in dawo da mamaci duniya yana yawo. Kar kuma in rubuta wani surkulle ko ɗalasimi da yaro zai iya ɗauka ya ce zai gwada. Sai ya miƙo min takardun ya ce, to wai a ƙarshe mene ne a cikin ramin? Na ce Malam sai an biya jika guda. Ya kai min duka da carbi.

Sharuɗɗan nan gyara labarin suka yi. Tunda abin da ke ƙasa ba zai san gobe ba, sai na mai da shi mai tattara abin da mutane suka riga suka sani, asirin kowa na zuba cikin mafarkin kowa, maƙwabci ya wayi gari ya san abin da maƙwabcinsa ya binne shekara ashirin. A gari irin namu da kowa ya san kakan kowa wannan ya fi kowace fatalwa tayar da hankali.

Da labari ya ƙare kuɗin gurup sun ɗan taru, sai na ce sai na ga abin nan a takarda. Abokaina na fada sun ce asara ce, kowa ya karanta a waya wa zai saya, kuma ba su yi ƙarya ba, amma marubucin da ba shi da littafin da zai ɗora a tebur ba a ɗaukarsa da nauyi, ko a gidanku cewa za a yi yana ta latse-latsen waya. Na ba wata malamar Hausa ta bi shi layi-layi, ita ta raba min kalmomin da na saba haɗewa irin na rubutun waya, ta kuma ce in daidaita kan ƴ ɗinmu ta Nijar ko 'y ta Najeriya, kar in gauraya. Maganar mutanen cikin labarin kuwa na bar ta da Damagaranci yadda muke yi.

Na tambayi farashi a nan gida na tambaya a Kano, ko da an haɗa da kuɗin mota da canji Kano ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, ga shi sun saba da aikin littattafan Hausa tun zamanin da ake kira adabin kasuwar Kano. Na bi ta Matamaye na tsallaka Ɗan Barto zuwa Kwangwalam, Daura, sai Kano, na canza sefa a Wapa. A maɗaba'ar ne na koyi cewa shafuka sha shida-sha shida ake bugawa a babbar takarda ɗaya a naɗe a yanke, don haka in littafinka ya ɗara da shafi biyu sai ka biya kuɗin sha shida, dole muka matse rubutun muka cire shafin godiya mai tsawo. Na kuma koyi cewa tsadar tana wurin haɗa farantin bugu, kwafi ɗari biyar da dubu bambancinsu ba shi da yawa, da haka ake jan mutum ya buga abin da ya fi ƙarfin kasuwarsa. Na tsaya a ɗari biyar.

Ku duba gwajin bugu da idonku kafin a tayar da inji, wannan kam ina roƙonku. Nawa da aka kawo duk inda ƴ take wani ɗan akwati ne ya fito, don salon harafin da yaron maɗaba'ar ya zaɓa ba shi da ita, sai da aka canza gaba ɗaya.

Bango ma sai da muka kai ruwa rana. Mai zanen ya ɗauko hoton wani Bature mai haƙora da jini ya ɗora, na ce Yallaɓai wannan ba ya cikin littafina. Ni so nake a sa layin bido rawaya da dare ba kowa a wurin. Ya ce bangon da ba fuska ba ya sayuwa, ya fi ni sanin kasuwa. Muka tsaya a kan yarinya ta juya baya tana riƙe da bido tana kallon famfo. Ya fi nawa ya fi nasa.

Na biya, aka ce in dawo bayan sati biyu, na komo gida. Wannan a watan Yulin 2023 ne. Ranar 26 ga wata aka yi juyin mulki a Yamai, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, wutar da ke zuwa daga Najeriya ma aka yanke. Littattafaina na can cikin kwali a Kano ni ina nan. Akwai masu bi ta daji da babur suna shigo da kaya, an ce in ba su, na ƙi, don damina ce kuma takarda ba shinkafa ba ce, in ta jiƙe ta tafi. Sai watan Maris na 2024 da aka buɗe iyaka suka iso.

A tsakanin nan kuwa wani daga cikin gurup na kuɗi ya kwashe labarin tas ya haɗa shi fayil ɗaya ya watsa, har ni aka turo wa ana tambayata ko na taɓa karanta wannan, an cire sunana daga sama. Wata tasha a YouTube ma ta karanta shi da murya kashi-kashi ba sallama ba sannu. Na yi musu magana ta lalama, ɗaya ya sauke ɗaya ya toshe ni. Akwai ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, duk mai niyyar wannan sana'a ya nemi sanin yadda ake rajista da su tun kafin ya saki babin farko.

Sayar da na takardar a hankali yake tafiya. Shagunan littattafai na nan kayan lakwal da littattafan addini suka fi sayarwa, sun karɓa amma sai an saya su biya, ka yi ta zarya. Wanda ya fi tafiya shi ne hannu da hannu, ɗaliban lise da na Jami'ar André Salifou, malamai ƴan uwana, ƴan fada da ke haɗa kuɗi su sayi ɗaya ya zagaya har bango ya cire, sai direbobin da ke kai min Maraɗi da Agadas da Tanut. Na kai wa dattijon nan na Garin Malam nasa, jikarsa ce ke karanta masa, ya aiko a gaya min wai bututun da na ce an zura a babi na biyar ya yi ƙanƙanta da irin wannan zurfin.

In aka yi lissafi tsakani da Allah, gurup ne ya biya kuɗin bugu, takarda har yanzu ba ta gama mai da nata ba, akwai sauran kwali a ƙarƙashin gado. Abin da ta jawo min shi ne gayyata, an kira ni hira a gidan rediyo, an kira ni in yi wa ɗalibai magana, kuma wani mai tashar karanta littattafai ya zo da kansa muka yi yarjejeniya a rubuce kan littafi na biyu, zai biya kafin ya karanta. Tunda kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025 masu tambayar littafin Hausa sun ɗan ƙaru, ko zai ɗore Allah masani.

Na biyun a kan ƙurar hunturu ne, wata shekara da hazo ya sauka ya ƙi tashi. Yanzu haka ina neman wanda ya yi aikin auna yanayi ya zaunar da ni kamar yadda Baba ya yi, in akwai wanda ya san wani a nan Damagaram ko Yamai don Allah ya haɗa mu. Shi ma gurup zai fara shiga, takarda sai kuɗinta sun fito, kuma wannan karon ɗari uku zan buga ko mai maɗaba'a zai yi ta lallashi har gobe.